Keɓaɓɓun Kalmomin Kimiyya: Yaɗuwar Gansakuka da Mutuwar Kifi

Gabatarwa

Kowane fannin ilimi yana da keɓaɓɓun kalmominsa, kuma wajibi ne malamin Hausa ya san yadda ake samar da su. Wannan darasi zai ɗauki misali daga kimiyyar ruwa, wato yadda gansakuka ke yaɗuwa har ta hallaka kifaye.

Yadda Abin Yake Aukuwa

Idan ruwan sama ya wanko takin zamani da ƙazantar gari zuwa tafki ko kogi, sinadaran naitirojin da fosforas sukan yawaita a cikinsa. Da zarar an yi zafi, ruwan kuma ya kwanta, sai gansakuka ta hayayyafa ta rufe shi. Idan ta mutu, bakteriyar da ke ruɓar da ita takan cinye iskar oksijin da ke cikin ruwan, kifi ya rasa abin shaƙa. Wasu nau'o'in kuma guba suke fitarwa. A 2014 irin wannan guba daga tafkin Erie ta sa aka hana mutane kimanin 400,000 a birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo kusan kwana uku. A 2022 kuma ɗaruruwan tan na kifi suka mutu a kogin Oder, tsakanin Jamus da Poland, bayan gishiri ya yi yawa a ruwan, wata gansakuka mai guba ta bunƙasa.

Hanyoyin Samar da Kalmomi

1. Faɗaɗa ma'ana: Bahaushe ya san gansakuka a jikin randa da bakin rijiya. Ana iya faɗaɗa kalmar ta haɗa da ƙananan halittun ruwa da sai da madubin likita ake ganinsu.
2. Aro da Hausantarwa: oksijin, naitirojin, fosforas, sayanobakteriya.
3. Ƙirƙira ta bayani: ƙarancin oksijin a ruwa, mutuwar kifi ta bai-ɗaya.

Abubuwan Lura

A Ingilishi ana kiran wannan yanayi da kalma mai nufin hudar fure. Wanda ya fassara ta kai tsaye ya ɓatar da ɗalibi, domin gansakuka ba ta fure. "Yaɗuwa" ko "bunƙasa" ta fi dacewa. Haka kuma "guba" za a ce, ba "dafi" ba, domin dafi na maciji ne da kunama da kibiya. Kada kuma a haɗa ta da kainuwa, wadda tsiro ce mai ganye da saiwa.

Kammalawa

Kalmar da aka zaɓa a aji ita ɗalibi zai kai gida. Idan ɗan masunci ya fahimci bayanin, zai gargaɗi iyayensa kada su kwashi mushen kifi, kada kuma su shayar da dabbobi ruwan da ya koma kore.

Aiki

1. Bambance tsakanin guba da dafi, tare da misalai.
2. Tambayi masunta sunayen da suke ba gansakuka a karin harshen yankinku.