Waƙar Asubahin Asabar a Essawira

Essawira ƙaramin gari ne a bakin Tekun Atlantika, a ƙasar Maroko, wanda Turawa suka daɗe suna kira Mogador. Sarki Sidi Muhammad bin Abdullahi ne ya gina shi a shekarun 1760, ya gayyato attajiran Yahudawa su riƙe masa ciniki da Turai. Ayarin Tambutu a nan yake sauke gashin jimina da hauren giwa da ƙaro, jiragen ruwa su kwashe. Kafin ƙarshen ƙarni na 19, Yahudawa sun kusa kai rabin mutanen garin. Masu tarihi sun fi son ba da labarin dukiyarsu, ni kuwa muryarsu ce ta fi ɗaukar mini hankali.

Idan sanyi ya shigo, daga bayan idin Sukot har zuwa gab da idin Furim, maza kan tashi cikin talatainin dare, wayewar Asabar, su bi lungunan unguwarsu ta Mellah zuwa wurin ibadarsu. Nan za su zauna suna rera waƙoƙin roƙon Allah da ake kira bakashot har gari ya waye. Ba molo, ba goge, ba ganga, domin addininsu ya hana taɓa kayan kiɗa ranar Asabar. Maƙogwaro ne kaɗai jari. Wanda ya taɓa kwana a zaman ishiriniya cikin watan Mauludi zai gane yanayin: jagora ya ja baiti, jama'a su karɓa, yaro na gyangyaɗi a jikin babansa amma karin na shiga kansa.

Baitocin na Ibrananci ne, amma karin ba nasu su kaɗai ba ne. Daga kiɗan Andalus aka ɗauko shi, wanda Musulmi da Yahudawa suka ƙetaro da shi daga Sifaniya, musamman bayan korar da aka yi wa Yahudawa a 1492. A Maroko ana ce masa al-Ala, kuma manyan sassansa 11 ne suka tsira. Ke nan karin da aka ji a gidan bikin maƙwabci Musulmi ranar Alhamis, ana iya jin sa da asubahin Asabar sanye da wasu kalmomi. Kowane mako da nasa karin, jagoran da ya cakuɗa su kuwa dattawa ba za su ƙyale shi ba.

Ɗaya daga cikin 'yan garin da suka fi yin fice a wannan fage shi ne Rabbi David Elkaim, mawaƙi kuma mai ƙawata takardun aure da zane. Yana cikin waɗanda suka tattara waƙoƙin a littafin Shir Yedidot, da aka buga a Marrakesh a 1921. Kalmomi kawai takarda ta adana. Karin sai an zauna gaban malami.

Sauran kwanakin mako kuwa na neman abinci ne. Makaɗan Yahudawa su ɗauki molon oud da ƙaramar ganga da gogen Turawa, wanda suke tsayarwa a kan gwiwa maimakon saƙala shi a wuya, su tafi biki. Akwai ma salon da ake kira matruz, inda baiti ɗaya Larabci, na gaba Ibrananci. A lungunan garin kuma ga 'yan Gnawa, jikokin bayin da aka kawo daga kudu da Sahara, waɗanda har yau akwai waƙoƙinsu da suke dangantawa da Hausawa.

Bayan 1948, sai kuma shekarun 1950 da 1960, unguwar Mellah ta watse zuwa Isra'ila da Faransa da Kanada. Yau Yahudawan da ke zaune a garin 'yan ƙalilan ne. André Azoulay, ɗan garin kuma mai ba Sarkin Maroko shawara, ya tsaya aka kafa bikin kiɗan Andalus a 2003, inda mawaƙa irin su Rabbi Haim Louk ke waƙa da makaɗa Musulmi. A 2020 Sarki Muhammad na Shida ya ziyarci Bayt Dakira, gidan tarihin Yahudawan garin.

Abin a yaba ne, amma kada mu ruɗi kanmu. Biki na 'yan kwanaki ne, da lasifika da baƙi masu kyamara. Mai son jin bakashot na tsakar dare yanzu sai dai ya nufi garuruwa irin su Ashdod ko Paris ko Montreal, inda jikokin mutanen Mellah suke tashi a cikin sanyi su buɗe littafin Elkaim.