Tukunya da Harshe: Yadda Baƙo Ke Samun Gindin Zama a Koriya ta Kudu

Yau Koriya ta Kudu muka nufa, kuma maganar ta shafi duk matashin da ke neman gurbin karatu ko aiki a can. Mu dai mun fi damuwa da fasfo da biza da kuɗin jirgi. Amma abin da ke karya wa baƙo gwiwa a watannin farko ya fi haka kusa: me zai ci, kuma yaya zai tambayi abin da ke cikin kwanon?

Wanda ya samu tallafin karatu na gwamnatin Koriya, wato GKS, yawanci sai ya yi shekara guda yana koyon harshen kafin ya shiga digirinsa, kuma ana so ya kai mataki na 3 a jarrabawar TOPIK mai matakai 6. Rubutun kansa ba shi ne wahalar ba. Hangul, wanda Sarki Sejong ya ƙirƙira a 1443, haruffansa na asali 24 ne, mai naci zai iya haɗa baƙi cikin mako guda. Inda gizo ke saƙa shi ne abin da mutane ke nufi in sun yi magana. Shi ya sa nake ganin ajin girki, irin wanda jami'o'i da cibiyoyin taimakon baƙi ke shiryawa, yana koyar da abin da allo ba ya koyarwa.

Ɗauki kalmar gogi, nama ke nan. Ka ce wa mai abinci ba ka cin gogi, ta gyaɗa kai, ta kawo maka kimbap, shinkafar nan da ake naɗewa, ga yankan naman alade na gwangwani a tsakiya. Ba mugunta ta yi maka ba fa. A wurin mutane da yawa a can, gogi shi ne naman da ake gani tsoka-tsoka. Wanda aka sarrafa a masana'anta, ko romon ƙashi, ba ya shiga lissafi. To Musulmi sai ya koyi cewa dwaeji-gogi, naman alade, ya kuma tambayi romon daban. Akwai kuma matsul, ruwan girki mai ɗan barasa da ake zubawa don kashe ƙarnin kifi da nama. Wanda bai taɓa tsayawa gaban tukunya ya ga an zuba shi ba, ina zai san ya tambaya? Abin da ya sauƙaƙa shi ne dokar ƙasar ta sa a rubuta a jikin leda in akwai alade a ciki, sannan unguwar Itaewon a Seoul, inda babban masallacin da aka buɗe a 1976 yake, tana da shagunan halal. Sai dai ba kowa ke karatu a Seoul ba, kuma naman halal ɗin ba arha.

Ga wani abin da ya burge ni. In Bakoriye ya tambaye ka, "Ba ka cin alade?", amsar da ta dace ita ce ne, ma'ana e, haka ne, ba na ci. Daidai da yadda Bahaushe ke amsawa! Turanci ne ke juya abin, ka ce a'a alhali kana tabbatarwa. Saboda haka in ku biyun kuka koma Turanci, nan rikicin ke tashi: kai kana nufin ba ka ci, shi ya ɗauka ka ce kana ci.

Sai gwaenchanayo. A littafi "ba komai" ne, amma in an miƙo maka ƙari ka faɗe ta, "na gode, ya isa" ka ce. Sai siwonhada, wai "da sanyi", amma dattijo zai kurɓi miya mai tururi ya faɗe ta, yana nufin ta ratsa shi. Kuma in aka ce maka "Bap meogeosseoyo?", ka ci abinci?, gaisuwa ce kawai, kamar yadda muke cewa ina gajiya ba don muna son a lissafa mana gajiyar ba. Haka "mu ci abinci tare wata rana". Kar ka zauna jiran waya.

A ajin girkin ma malama za ta ce a zuba gishiri jeokdanghi, wato daidai misali. Cokali nawa? Oho. Suna da kalma, sonmat, ɗanɗanon hannu, kuma duk wanda ya taɓa tambayar mahaifiyarsa awon daddawa a miyar kuka ya san amsar da zai samu. Daddawar ma suna da irin tasu: doenjang, waken suya ne da aka dafa aka bari ya tsumu da gishiri. Baƙi da yawa warinsa ke kora, mu kuwa hancinmu ya riga ya saba.

Kimchi shi ne babban darasi. Kabeji ake jiƙawa da gishiri, a cuɗe shi da garin barkono, tafarnuwa, citta da jatan lande ko ruwan kifi mai gishiri, a ajiye ya yi tsami. Gab da shigar hunturu iyalai da maƙwabta kan taru su yi mai yawa lokaci guda, abin da suke kira kimjang, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2013. Gayya ce dai, irin tamu ta gona. In an gayyace ka, je ka. Sa'o'i za ku yi a tsugune kuna shafa barkono a ganye, kuma a nan za ka ji yaren da ake yi a gida, ka ga wa ake yi wa maganar girmamawa, wa ake sakar wa baki. Kar ka ji haushi in an tambayi shekarunka tun haɗuwar farko. So ake a san irin maganar da ta dace da kai. In an zauna ci, bari babba ya fara ɗaukar cokali, ka karɓi abu da hannu biyu, kuma kar ka soke tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, don hakan yana tuna musu da abincin da ake ajiye wa mamata.

Wanda ke Najeriya bai kamata ya jira sai ya sauka a Incheon ba. Cibiyar Al'adun Koriya da ke Abuja, wadda aka buɗe a 2010, tana koyar da harshen. A shiri na gaba za mu duba takardun da ake buƙata wajen neman GKS. Sai mun haɗu.