Shin Ko Kun San? Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyi, Daga Tajaye Zuwa Galmi

Shin ko kun san goshi kaɗai yana iya nuna muku inda cuta ta zauna? A ce an kawo dattijo daga Tajaye a kan amalanke, baki ya karkace, in ya kurɓi ruwa sai ya zubo ta gefe. 'Yan rakiya sun riga sun yanke hukunci, wai iska ce ta buge shi. Ku ɗaliban likita ku ce masa, "Baba, ɗaga gira, ka runtse ido." Idan goshi ya tattare gefe biyu, ido ya rufu, to ɓarnar tana cikin ƙwaƙwalwa, sai ku duba hannu da ƙafa da magana don neman shanyewar ɓarin jiki. Idan kuwa rabin goshi ya ƙi motsi, ido ya ƙi rufuwa, jijiyar fuska ce ta taɓu, wato ta bakwai cikin jijiyoyin kai 12. Goshi yana karɓar umarni daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, ƙasan fuska kuwa daga ɗaya kawai.

Umarnin motsi tsallakawa yake yi: hagun ƙwaƙwalwa ke tuƙa daman jiki. A hagun nan magana take ga yawancin mutane, shi ya sa wanda damansa ya shanye sau da yawa magana ma takan ɗauke.

Makullin babur ya isa gwajin da Joseph Babinski ya bayyana a 1896. A ja shi a gefen tafin ƙafa, daga dunduniya zuwa yatsu. Idan babban yatsa ya miƙe sama ga baligi, akwai lahani a ƙwaƙwalwa ko a laka. Ga jinjiri kuwa ba komai ba ne.

Shin ko kun san jihar Tawa tana cikin zirin sankarau, wanda likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya fayyace a 1963? Daga Sanagal ya taso har Habasha. Cutar takan yunƙuro da ƙurar hunturu, ta yi ƙamari a bazara, ruwan farko ya kwantar da ita. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 250,000 a Afirka, ta kashe kusan 25,000. Nijar na cikin ƙasashe uku na farko, tare da Mali da Burkina Faso, da suka karɓi rigakafin MenAfriVac a 2010, kuma nau'in A na ƙwayar cutar ya kusa ɓacewa. Sai ga nau'in C a 2015 ya kama fiye da mutum 8,000 a ƙasar. Don haka katin rigakafi a hannun uwa bai isa ya sa ku saki jiki ba.

Inda ɗalibi ya fi zamewa shi ne jariri. Wuyansa ba dole ya sanƙare ba. Ku shafa maɗiga ko ta kumbura, ku tambayi uwa ko ya ƙi nono. Ruwan laka ana ɗibansa a ƙasan baya, daidai layin da ya haɗa saman ƙashin ƙugu biyu, domin lakar baligi ta ƙare tun wajen L1 da L2. Na mai lafiya garau yake fitowa kamar ruwan sama. In ya zo kamar ruwan wankin gero, kun samu amsa. Amma kada jiran allura ko sakamakon gwaji ya hana ba da ceftriaxone. Kafin sallama kuma a gwada ji, don sankarau yakan bar yaro da kurumta.

Da damina zazzaɓin cizon sauro ke taɓa ƙwaƙwalwar yara. Ma'aunin suma na Glasgow, na 1974, yana tafiya daga 3 zuwa 15. Na Blantyre, wanda aka tsara a Malawi don ƙananan yara, daga 0 zuwa 5. Kowanne kuka ɗauka, ku auna sukari tukuna.

Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu, ko da duk unguwa ta watse ta bar mai ita a ƙasa. Ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura ruwa. A kwantar da shi ta gefe, a duba agogo. Jijjiga ta wuce minti 5, ta zama gaggawa, a ba da diazepam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai. Ni dai in na ga tsohon tabon ƙuna a hannun budurwa, sai na tambaya ko a murhu ta faɗa.

An ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna ranar 25 ga Agusta 2020, amma duk yaro ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a kai rahoto, a ɗauki bayan gida sau biyu. A kuma tambaya ko an yi masa allura a ɗuwawu, don allurar da ta kauce takan soki babbar jijiyar ƙafa.

In za ku tura mara lafiya Ƙonni, ko Tawa, ko asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, don Allah ku rubuta a takarda ƙarfe nawa abin ya fara, wane gefe ne, da maganin da kuka riga kuka bayar.