Rikicin Albashi Da Shirin Kakar Besbol A Amurka

Na ga ya dace in yi mana ɗan bayani kan wasan besbol, musamman saboda masu tuƙin tasi da masu aikin otal a Fulorida da Arizona, waɗanda cinikinsu ke ƙaruwa idan 'yan kallo sun zo.

Kowace shekara daga tsakiyar Fabrairu, ƙungiyoyi 30 na MLB kan tafi sansanin atisaye na kimanin mako shida, 15 a Fulorida, 15 a Arizona. A nan masu jefa ƙwallo ke sabar da hannu sannu a hankali don gudun rauni. Amma idan masu ƙungiyoyi da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa suka kasa daidaitawa, sansanin na iya zama a rufe.

Haka aka yi ranar 2 ga Disamba 2021, da masu ƙungiyoyi suka kulle ƙofa har kwana 99. Sai ranar 10 ga Maris 2022 aka sasanta, aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 570,500 zuwa 700,000. Atisaye ya gajarta, kakar wasa kuma ta fara 7 ga Afrilu maimakon 31 ga Maris. Yajin aikin 1994 ya fi muni, domin har gasar ƙarshe aka soke.

An tsara yarjejeniyar 2022 ta ƙare 1 ga Disamba 2026. Shawarata ita ce, duk shekarar da wa'adin yarjejeniya ya cika, mai dogaro da cinikin Fabrairu da Maris ya yi tanadi tun da wuri. Allah Ya buɗa mana, amin.