Tsohon Hamsta da Turken Sabo

Wanda ya san gafiya ya san rabin hamsta. Dukansu suna cusa abinci a kumatu su kai rami su ɓoye, ɗabi'ar da ta sa Bahaushe ke cewa gafiya tsira da na bakinki. Sai dai hamsta bai kama ƙafar gafiya a girma ba. Tafin hannu ɗaya ya ishe shi kwanciya, nauyinsa bai cika wuce giram 150 ba, wutsiyarsa 'yar guntuwa ce, amma jakunkunan kumatunsa suna kaiwa har kafaɗa. Wanda aka fi kiwo a gidajen Turai da Amurka, mai gashi ruwan zinariya, ɗan ƙasar Siriya ne. A 1930 masanin dabbobi Israel Aharoni ya sa aka tono wata uwa da 'ya'yanta a gona kusa da Halab, aka kai 'ya'yan Kudus don binciken cutar kala-azar, kuma yawancin na cikin keji a yau tsatson wannan rami ne. Komai na rayuwarsa da gaggawa yake: ciki kwana 16, balaga cikin 'yan makonni, mutuwa tsakanin shekara biyu da uku. Da ya haura shekara ɗaya da rabi, tsufa ya fara ƙwanƙwasa ƙofa.

Ana cewa sabo turken wawa, amma a wurin tsohon hamsta sabo shi ne ido. Tun yana ƙarami ganinsa ba na kirki ba ne. Da hanci da gashin baki yake gane hanya, yana goga kwiɓinsa a jikin kaya don ya bar warinsa. In tsufa ya sa masa yanar ido, abin da ya rage masa kawai shi ne wannan wari da hanyoyin da ƙafarsa ta haddace. Shi ya sa mai kiwon da tausayi ya kama shi, ya sayo sabon keji, ya sauya wa komai wuri, ya wanke gidan fes da sabulu mai ƙamshi, bai san makantar da dabbar ya yi karo na biyu ba. Gyaran da ya dace ragi ne kawai. A cire bene da tsani, domin gaɓoɓinsa sun yi tsami kuma bai iya auna zurfi, sai ya faɗo. A sauko da kwalbar ruwa inda zai sha ba tare da ya tsaya da ƙafafun baya ba. A matso da kwanon abinci bakin sheƙa. Keken gudunsa kuwa a bar masa muddin yana hawa, ko da sau biyu zai juya shi ya sauko.

Wani zai ce to ina tsafta, alhali tsoho ya fi saurin kamuwa da cuta? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai hamsta da kansa ya raba gardamar, domin kusurwa ɗaya yake zaɓa ya riƙa fitsari a nan. A kwashe wannan kullum, in an zo babbar shara a mayar da wani kaso na tsohuwar shimfiɗa mai ɗauke da warinsa, kuma kada a kwashe masa rumbun da ya tara sai abin da ya fara ruɓewa. Shimfiɗar ta zama ta takarda mai laushi da zurfi. Auduga mai zare tana naɗe yatsu, in ya haɗiye ta toshe hanji. Kada kuma a kawo masa abokin hira da sunan kaɗaici. Hamstan Siriya shi kaɗai yake zama a raminsa, in an haɗa manya biyu faɗa ne har kisa.

Inda aikin ya fi yawa shi ne lura. Dabbar da mujiya da yanyawa ke farauta ba ta nuna rauni, don haka kafin ido ya ga ciwo ya riga ya yi nisa. Sikelin kicin ya fi ido gaskiya: a auna shi mako-mako, raguwar da ta ɗore alama ce. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, in ɗaya ya karye, abokinsa sai ya zarce har ya hana shi ci. Za a ga haɓa a jiƙe da yawu, ƙwaya a kwano ba a taɓa ba. Nan sai a jiƙa masa abinci, a ƙara ɗan dafaffen ƙwai, likitan dabbobi ya rage haƙorin. Yawan shan ruwa da fitsari kan nuna ƙoda ta gaji, numfashi sama-sama kan nuna zuciya. Magungunan mutane irin su penisilin da amoksisilin kashe shi suke yi, domin suna halaka ƙwayoyin da ke taimakon hanjinsa. In sanyi ya yi tsanani kuma yakan sandare kamar gawa alhali da ransa, sai a ɗumama shi sannu a hankali kafin a yanke hukunci.

Saura masu cewa ai ɓera ne, kuɗin ganin likita ya ninka kuɗin sayensa, kwanansa ma kaɗan suka rage. Lissafin daidai ne, amma ba a nan hujjar take ba. Ɓeran rumbu shi ya kawo kansa, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Hamsta kuwa mutum ne ya saye shi ya rufe, ya raba shi da duk hanyar da zai nema wa kansa mafita, kuma labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malam. Yawancin abin da tsohon hamsta ke bukata ma ba ya cin ko sisi. Wanda ke cin kuɗi shi ne na ƙarshe: ranar da ya daina ci, ya daina gyara gashinsa, ƙari ko ciwon zuciya ya hana shi sakat, shawarar a ci gaba da magani ko a sauƙaƙa masa ta likita ce da mai shi, kuma jinkirta ta don gudun ɓacin ran yaran gida dabbar ce ke biyan kuɗinsa.