Idan Ƙirji Ya Yi Dukan Uku-Uku Da Tsakar Dare

Zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda idan yana zaune yana hutawa. Da barci ya ɗauke shi sai ta ƙara lafawa, ta sauko wajen 50 ko 60, wani ma ƙasa da haka. Shi ya sa hankali ke tashi idan mutum ya farka ƙarfe biyu ko uku na dare, gari ya yi tsit, ya ji ƙirjinsa na dukan uku-uku. Wani ya jiƙe sharkaf da gumi, wani hannunsa na rawa, wani ya ji kamar ransa zai fita. Kafin a kira assalatu abin ya lafa, da safe kuma sai a rasa yadda za a kwatanta shi, sai dai a ce faɗuwar gaba ce.

A Katsina, wanda ya kai wannan ƙara cikin gida ya san abin da zai ji. Za a tambaye shi ko ya yi addu'a kafin ya kwanta. Gwaggo ta ce iska ce, wani aboki ya rage murya ya ce a bincika, ko sammu ne. Sai a karɓo rubutu, ko a aiki yaro kemis ya sayo "maganin faɗuwar gaba". Ba ni da ja a kan addu'a, Musulmi ba ya kwanciya ba tare da ita ba. Abin da nake ja a kai shi ne a tsaya nan a ce an gama. Bugun zuciya cikin dare alama ce, kuma abubuwan da ke haddasa ta suna da yawa. Akasarinsu ba su da haɗari, kaɗan daga ciki kuwa suna kai mutum kushewa, kuma tsananin tsoron da mutum ya ji ba shi ne ma'aunin da zai raba su ba.

A fara da abin da aka sha bayan Magariba, domin nan ne laifin ya fi yawa. Duk wanda ya bi ta Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Ƙwaya bayan Isha'i ya san yadda teburin mai shayi ke cika. A zuba ganye mai kauri, a ƙara Nescafé, wani ya kora da lemon ƙara kuzari na gwangwani, dattijo kuma ga goronsa a aljihu. Dukkansu suna ɗauke da sinadarin kafeyin, kuma wannan sinadari ba ya saurin barin jiki: bayan awa biyar, kusan rabinsa na nan yana yawo a jini. Wanda ya sha shayi mai kauri ƙarfe goma, ƙarfe uku na dare bai rabu da shi ba. Ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na kwalejin Hassan Usman Katsina sun san wannan a lokacin jarrabawa, haka direbobin da ke kwana a tasha. Sigari da shisha ma suna zaburar da zuciya. Haka wasu magungunan mura masu buɗe hanci, da maganin asma da ake shaƙa idan aka yawaita shi. Sai haɗe-haɗen ƙarfin maza da ake sayarwa a jarka ko a ƙulli, ba suna ba awo, galibi kuma da daddare ake shan su. Mai shan su bai san me ke ciki ba, sau da yawa mai sayarwar ma bai sani ba. Tiramol da kodin nasu salon daban ne. Gwamnatin Tarayya ta haramta maganin tari mai kodin tun watan Mayun 2018, amma ba a daina sha ba, kuma jikin da ya saba da su yakan tayar da mai shi cikin dare da gumi da bugun zuciya idan ƙwayar ta fara sakinsa.

Yanayin garin ma yana da nasa kason. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, ga rashin wuta, ga ɗaki mai rufin kwano. Mutum ya wuni yana gumi bai sha isasshen ruwa ba, jini ya ragu a jijiyoyi, dole zuciya ta ƙara sauri ta cike giɓin. Da damina kuma zazzaɓin cizon sauro ne: duk digiri ɗaya da zafin jiki ya ƙaru, bugun zuciya yakan ƙaru da wajen goma a minti. Ƙarancin jini, wanda ya yi wa matanmu katutu, haka yake sa zuciya aikin da ya fi ƙarfinta. Da hunturu kuwa, kaskon gawayi a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga, ko janareta a zaure, suna fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. Idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka farka da ciwon kai da jiri da bugun zuciya, a fice waje nan take, a bar ƙofa a buɗe.

Sai tsoro, kuma nan ne maganar aljanu ta fi samun gindin zama. Mugun mafarki kowa ya san shi. Dannau kuwa, wanda mutum zai farka ya kasa motsi ya kasa magana, ya ji an danne masa ƙirji, har wani ya ga duhun mutum a bakin ƙofa, likitoci sun daɗe da gane yadda yake faruwa. A lokacin mafarki ƙwaƙwalwa takan ɗaure gaɓoɓin jiki don kada mai barci ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali yakan riga jiki farkawa, sai a samu daƙiƙoƙi ko minti ɗaya zuwa biyu mutum na ji na gani amma a ɗaure. Firgicin ne ke sa zuciya gudu. Ya fi samun wanda barci bai ishe shi ba da mai kwanciya rigingine, kuma ba ya kisa.

Akwai wani firgicin da ke zuwa ba mafarki ba komai. Mutum ya zabura, numfashi na sarƙewa, yatsu na tsuma, ya tabbata mutuwa ce ta zo. Cikin minti goma abin ya kai ƙololuwa, sannan ya sauka a hankali. Jiki ne ya kwararo sinadarin adirenalin, wanda aka tanada don gudun ceton rai, alhali babu abin gudu. Damuwar bashi, kuɗin makaranta, rikicin aure, duk suna iya share masa hanya. A jihar nan kuma akwai dalilin da ya fi waɗannan nauyi. Mutane da yawa da suka baro ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana suna zaune a gidajen 'yan'uwa da kangaye a cikin birni. Wanda aka taɓa tayarwa da harbi cikin dare, ko wanda ya kwana a daji a hannun 'yan bindiga, jikinsa ba ya mantawa da wuri. Ƙarar babur daga nesa ta isa ta tayar da shi zuciya na harbawa, ko da shekara ta zagayo. Wannan ba raunin imani ba ne, ba kuma hauka ba ne. Ciwo ne da likitocin ƙwaƙwalwa ke yi wa magani da zama a tattauna, wani lokaci da ƙwaya, kuma ana samun sauƙi. Ce wa irin wannan mutum "ka daure kawai" zalunci ne, ko da da kyakkyawar niyya aka faɗa.

Minshari abin dariya ne a gidajenmu, amma akwai wanda ba na dariya ba. Maƙogwaron wasu yakan rufe cikin barci, numfashi ya tsaya daƙiƙa goma ko fiye, iskar da ke jini ta ragu, sai ƙwaƙwalwa ta fizgo mutum ya farka da shaƙewa da bugun zuciya. Hakan na iya maimaituwa sau da dama cikin awa guda shi bai sani ba. Ya fi kama masu ƙiba da gajeren wuya mai kauri, kuma yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da hawan jinin da ya ƙi jin magani. Uwargida ce shaida a nan. Idan ta ce, "Malam, numfashinka na ɗaukewa da dare," to a je da ita wajen likita, domin ita ta ga abin.

Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin su Daonil, idan ya farka da gumi da rawar jiki da yunwa, ya fara zargin sukarinsa ne ya faɗi, musamman in bai ci abincin dare sosai ba, ko a watan azumi da lokutan ci suka sauya. In yana da na'urar awo ya ga ƙasa da 70, ya sha ruwan sukari ko ya ci dabino nan take, da safe ya koma a duba masa adadin maganin. Idan ƙullutun maƙogwaro da ke kumbura ya zama maƙoƙo yana aiki fiye da kima, mutum yakan rame alhali yana ci, ya kasa jure zafi, zuciya na gudu dare da rana. Gwajin jini ke nuna shi. Matan da al'ada ta fara ɗauke wa kuma sukan farka da zafi ya taso musu daga ƙirji zuwa fuska. Ƙwannafi bayan an cika ciki da tuwo an kwanta nan take shi ma yakan jawo bugun zuciya.

Ita kanta zuciyar fa? Wani lokaci tsarin bugunta ne ke rikicewa. Akwai wanda ke farawa farat ɗaya, ya kai 150 ko 200 a minti, ya tsaya farat ɗaya. Akwai wanda bugun ba ya bin ƙa'ida sam, ya fi samun tsofaffi da masu hawan jini, kuma haɗarinsa shi ne jini ya daskare a zuciya ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Amma wadda na fi jin tsoro a kanta ita ce maijego. Akwai ciwon da ke raunana tsokar zuciyar mace daga watan ƙarshe na ciki zuwa wata biyar bayan haihuwa, kuma ƙasar Hausa tana cikin inda ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Farfesa Eldryd Parry, suka rubuta labarinsa a Zariya. Binciken da aka yi daga baya a Sakkwato da Kano ya nuna wajen mace 1 cikin kowace haihuwa 100 da aka yi a asibitocin da aka duba, alhali a Amurka 1 ce cikin 1,000 zuwa 4,000. Likitocin farko sun ɗora laifin a kan wankan jego da kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa. Aikin da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta ya fi karkata ga rashin abinci mai gina jiki, talauci, hawan jinin masu ciki da ƙarancin sinadarin seleniyom. Ko ma wane ne ya fi gaskiya, kanwa gishiri ce, kuma zuciyar da ta riga ta raunana ba ta ɗaukar gishiri.

Ga yadda ciwon yake bayyana. Mace ta kwanta lafiya, bayan awa biyu ko uku ta farka numfashi ya ƙi, zuciya na gudu, sai ta tashi zaune ko ta fita tsakar gida neman iska. Ta fara tara matasan kai, daga baya ta koma barci a jingine. Ƙafa ta kumbura, tari ya kama ta da dare, ɗaukar jariri ma ya zama aiki. Dalili shi ne ruwan da ya taru a ƙafafu da rana yakan koma ƙirji idan an kwanta, zuciya ta kasa tura shi, ya cika huhu. A gida sai a ce gajiyar haihuwa ce, ko sanyi ya shige ta, a ƙara wa ruwan wanka zafi. Makonnin da ake ɓatawa a haka su ne mafi tsada, domin idan aka fara magani da wuri mata da yawa zuciyarsu na farfaɗowa.

To me mutum zai yi idan abin ya same shi? Ya tashi zaune, ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ya duba agogon waya ya ƙirga bugun na daƙiƙa 30 ya ninka biyu. Ya lura ko bugun na tafiya daidai ko yana tsallake. Da safe ya rubuta lokacin, da adadin, da abin da ya ci ko ya sha. Wannan 'yar takarda tana da daraja a gaban likita, saboda sau da yawa lokacin da aka isa asibiti zuciya ta koma daidai, na'urar gwajin bugu ba za ta ga komai ba. Idan sau ɗaya ne ya faru bayan shayi ko mugun mafarki, a bar shayin dare da goron yamma na mako biyu a gani. Idan yana dawowa, a je a auna hawan jini, yawan jini, sukari da zazzaɓi, gwaje-gwajen da ba su fi ƙarfin talaka sosai ba, kafin a kai ga hoton zuciya. Kada a karɓi ƙwayar barci ko ta rage bugun zuciya a kemis ba da takardar likita ba: ta farko tana kama mutum, tana kuma ƙara wa mai ɗaukewar numfashi matsala, ta biyu kuwa tana iya shaƙe mai asma.

Akwai alamun da ba a jiran gari ya waye a kansu: ciwo ko nauyi a ƙirji da ke tafiya hannu ko muƙamuƙi, suma, numfashin da ya ƙi dawowa, karkacewar baki ko mutuwar hannu, da bugun da ya haura 120 ya ƙi sauka bayan an zauna minti 15 zuwa 20. Babban Asibitin Katsina da Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda da ake kira FMC, suna karɓar marasa lafiya na gaggawa dare da rana, masu ciki da masu jego kuma ga Asibitin Turai 'Yar'aduwa. Maigida, da ke Inna mai kula da wankan jego: idan maijego ta ce ba ta iya kwanciya sai a jingine, a ajiye ganyen wankan a nemo mota a daren.