Gwajin Milgram: Shin Neman Ilimi Ya Halatta Yaudara?

A shekarar 1961 wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Yale ta Amurka, Stanley Milgram, ya buga talla a jarida yana neman maza don wani bincike, wai kan koyo da hadda. Ladan awa ɗaya dala 4. Ashe so yake ya ga iyakar biyayyar da mutum zai yi wa na gaba da shi.

Akan zaunar da mutum gaban wata na'ura, a ce ya riƙa yi wa wani ɗalibi da ke ɗakin kusa tambayoyi. Duk lokacin da ɗalibin ya yi kuskure, sai a ce ya danna masa wutar lantarki, ana ƙara ƙarfinta tun daga bolt 15 har 450. Alhali babu wutar, ɗalibin ma da shi aka haɗa baki. Amma mai dannawa bai sani ba. Wasu suka riƙa gumi, jikinsu na rawa. In sun nemi dainawa, sai a ce musu dole su ci gaba. Cikin mutum 40, guda 26 suka kai har ƙarshe.

An ƙaru da ilimi, amma wa ya biya kuɗinsa? A 1964 wata masaniya, Diana Baumrind, ta soki gwajin, tana ganin an ci amanar mutanen, an jefa su cikin damuwa. Milgram ya kare kansa da cewa yawancinsu ba su yi nadamar shiga ba. Sai dai bayanan da aka tono daga baya sun nuna da yawa sun koma gida ba a gaya musu cikakkiyar gaskiya ba.

Irin wannan muhawara ce ta sa aka tsaurara ƙa'idoji. Yau sai kwamiti ya duba bincike kafin a fara, a yi wa mutum bayani, ya amince da kansa, kuma yana da ikon fita duk sa'ar da ya so.

To jama'a, masu bincike kan shigo unguwanninmu da takardun tambayoyi, galibi cikin harshen da ba namu ba. Ku nemi a yi muku bayani da Hausa: wa ya aiko su, ina za a kai amsoshinku, za a ɓoye sunayenku? Izinin mai unguwa ba ya maye gurbin naku. Wanda ya ƙi bai yi laifi ba.